Tsutsar da ake yankawa ta tofo: yadda aka kwashe a guruf ɗin tsofaffin ɗaliban unguwarmu

Nura: Jama'a wallahi yau raina a ɓace yake. Na kai wa malamin da zai duba min aikin mastas taken binciken da nake son yi akan wata 'yar tsutsar ruwa mai faɗi da ake kira planariya, ko karantawa bai gama ba ya turo min takardar yace wai wasan yara ne in je in ƙirga sauro a kwatocin Fagge. Alhali a 2018 mujallar Science ta buga bincike har biyu akan wannan tsutsar, ɗaya daga ɗakin binciken Peter Reddien a Amurka sun duba ƙwayoyin halitta fiye da 50,000 ɗaya bayan ɗaya, ɗayan daga Berlin a Jamus fiye da 21,000, suna karanta RNA ɗin kowace ƙwaya, wato saƙon da ƙwayoyin gado ke fitarwa idan suna aiki, don su ga wace ƙwayar gado ce a kunne a cikinta wace ce a kashe, da haka suka ware ta tsoka da ta hanji da ta jijiya da ta fata har suka bi sawun daga inda kowacce ta fito. Tsutsar da ba ta mutuwa fa, ka yanke mata kai cikin kamar mako guda ta tofo wani har da idanu, ita ce wasan yara?

Malam Sani: Subhanallahi. Nura ka janye wannan kalmar. Ba ta mutuwa? Kullu nafsin za'iƙatul maut. Allah ne kaɗai Rayayyen da ba Ya mutuwa.

Abba Kurna: Gaskiya Malam ya faɗa, boko idan ya yi yawa haka yake kai mutum

Nura: Allah gafarta Malam ba haka nake nufi ba, ina nufin yanka ba ya kashe ta

Malam Sani: To ka faɗi haka ɗana, magana zarar bunu ce. Akwai yara a nan suna karantawa.

Zainab: Ni dai na fahimce shi tun farko. Kuma tana mutuwa sarai, a ɗakin bincike ma kashe ta ake yi. Akwai wasu ƙwayoyi a jikinta da ake kira neoblast, su kaɗai ne ke rabuwa su hayayyafa, daga cikinsu komai na jikin yake fitowa. Idan aka haska mata radiyeshan, wato haske mai ƙarfi irin na hoton ƙashi a asibiti, suka ƙone shikenan ta daina tofowa, kanta ya fara lalacewa cikin 'yan makonni ta mutu. Amma abin da ya fi ba ni mamaki a 2011 an dasa ƙwayar neoblast ɗaya tak a jikin wadda aka haska ɗin ta farfaɗo gaba ɗaya. Wannan ai ikon Allah ne ake nuna mana Malam.

Abba Kurna: Zainab ke dama kullum bayan Nura kike bi, 'yan bayoloji ba kwa ganin laifin juna

Zainab: Yaya Abba kai da ka gudu daga ajin sayans tun aji huɗu me ya kawo ka maganar nan

Abba Kurna: Na gudu amma ga shagona a Kwari, ku kuma kuna nan kuna yanka tsutsa

Maman Khalifa: Don Allah wai irin tsutsar cikin yara ce? Don in ita ce ba ta mutuwa mun shiga uku, kwanan nan na ba Khalifa magani

Malam Sani: Kun gani ko? Ga abin da nake gudu, kalma ɗaya ta tayar da hankalin baiwar Allah.

Dakta Bashir: Hajiya kwantar da hankalinki ba ita bace, wannan a ruwa take rayuwa ba ta shiga jikin mutum. Amma Nura ni ina bayan malaminka. Wane injin kake da shi a Kano da zai karanta RNA na ƙwaya ɗaya ɗaya? Da wane kuɗin? Mu a asibiti yara ake kawo mana daga wajen Kura da Kadawa suna fitsarin jini saboda wanka a ruwan kanal, tsargiya na cin su, kai kana maganar tsutsar da ake ciyarwa da hantar maraƙi a turai.

Nura: Yauwa Dakta ka zo inda nake so. Tsutsar tsargiya ai dangin planariya ce, duk masu faɗi ne, kuma an gano ita ma tana da ƙwayoyi masu kama da neoblast. A 2020 wasu a Texas suka yi mata irin wannan binciken na duba ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, suka gano ƙwayar gado mai suna hnf4 da hanjinta ke buƙata kafin ta iya narkar da jinin da take sha. Mu kuma kusan magani ɗaya muke dogaro da shi, praziquantel, ranar da ya daina aiki fa? Kuma bayanan nan suna intanet kyauta, kwamfuta kawai nake buƙata ba injin ba.

Dakta Bashir: Waccan da suka bincika nau'in tsargiyar hanji ce mai suna mansoni, mai sa fitsarin jini wani nau'in ne daban, haematobium. Ku 'yan bayoloji sai ku haɗa komai wuri ɗaya.

Zainab: Ku kuma likitoci gani kuke duk wanda bai rataya abin awo a wuya ba bai yi karatu ba

Dakta Bashir: Shekara shida na yi ƙanwata

Abba Kurna: Har yanzu fa bai janye kalmar ba

Nura: Na yi bayani tun ɗazu Yaya Abba ka koma sama ka karanta

Malam Sani: Bayani daban, janyewa daban.

Alhaji Garba, shugaban guruf: To ya isa haka. Ga abin da na fahimta. Nura ya yi kuskure babba da yace wata halitta ba ta mutuwa, Malam ya gyara masa, Allah Ya saka da alheri. Dakta wanda shi ne masani a cikinmu ya tabbatar cewa binciken ba shi da amfani a Kano, gara a mayar da hankali kan tsargiya. Zainab ki riƙa tausasa harshe ga na gaba da ke. Nura ka koma ka ba malaminka haƙuri ka karɓi aikin sauron. An rufe maganar.

Zainab: Baba Alhaji da girmanka, Dakta bai ce ba shi da amfani ba, cewa ya yi babu injin, kuma Nura ya amsa masa. Sannan shi Yaya Abba da ya fara gorin shago ba a ce masa komai ba?

Maman Khalifa: Dakta shi wannan praziquantel ɗin ana ba ɗan shekara huɗu? Mun je Kura da sallah kuma ya shiga ruwa