Budurwa ta yi ciki a gidan iyayenta: wa zai ɗauki nauyin jaririn, kuma ta ina ake farawa?

Maman Hanifa, Rigasa, Kaduna:

Assalamu alaikum. Malamai, ma'aikatan lafiya da masana doka da ke wannan zaure, ina neman haske. Budurwa ce ta yi ciki a gaban iyayenta. Wanda ta ambata yakan amsa a ɓoye, amma a gaban mutane sai ya musa. Uban yarinyar ya rantse ba za a haifa masa shege a gida ba. Dangi sun rabu biyu: wasu na cewa a tura ta ƙauye har ta haihu, wasu na cewa a ɗaura aure da gaggawa kafin ciki ya fito. Duk cikinsu ba wanda ya tambayi abin da jaririn zai ci ko ya sa. To, a shari'a ɗan wa ne? Wa ciyarwa ta hau? Ana iya tilasta wa namijin? Kuma me ake bukata a shekarar farko, don a san girman nauyin tun yanzu?

Malamin Zaure, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari in fara da maganar auren gaggawa, don nan aka fi yin ɓarna. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Musuluncinmu ke bi, ba a ɗaura wa mace aure da cikin zina har sai ta haife, ko da wanda ya yi cikin ne zai aure ta. Wannan shi ne istibra'i. Hanafiyya da Shafi'iyya sun sassauta, amma ko a wurinsu ɗaurin auren ba ya gyara nasabar cikin da ya riga ya yi nisa. Mafi ƙarancin lokacin ciki wata shida ne, malamai sun ciro shi daga ayar da ta ce ɗaukar ciki da yaye wata talatin ne da wadda ta ce shayarwa shekara biyu ce. Idan aka haihu ƙasa da wata shida bayan aure, ba a jingina ɗan ga mijin. Don haka auren rufa-asiri ba ya rufe komai, sai dai ya ƙara rikicin gado bayan shekara ashirin.

Jumhurun malamai sun tafi a kan cewa ɗan na uwarsa ne. Yana gadonta, tana gadonsa, 'yan'uwanta muharramansa ne. Ba ya gadon namijin, kuma ciyarwar da ake tilasta wa uba ba ta hau shi ta fuskar nasaba ba. Idan mace aka haifa, ba shi ne waliyyinta ba ranar aure, alƙali ne ko wanda ke madadinsa. Akwai maganar Hasanul Basri da Ishaƙ bin Rahawaihi, wadda Ibn Taimiyya ya rinjayar, cewa idan matar ba ta da miji kuma namijin ya amsa ɗansa ne, ana iya jingina masa. Magana ce mai tushe, amma ba ita alƙalanmu ke hukunci da ita ba, kada a ɗora lissafi a kanta.

Rashin wajabcin bai hana shi bayarwa ba. Wanda ya jawo rai duniya kuma yake tsoron Allah yana iya ɗaukar nauyin ci da karatu. Yana iya yi wa yaron kyautar fili ko kuɗi yana da rai, muddin an damƙa kuma an kafa shaidu, don kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya mutu ta ɓaci. Yana kuma iya yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, tunda yaron ba magaji ba ne.

Shi kuwa jaririn ba shi da laifin komai. Allah ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Matar nan Gamidiyya da ta kai kanta wurin Annabi (SAW) da cikin zina, cewa ya yi ta koma ta haife, sannan ta shayar har ta yaye. Haƙƙin jaririn aka fara karewa kafin a waiwayi komai. Ana yi masa suna ranar bakwai kamar kowane ɗa. Rago sunna ne ga mai hali, ɗaya ya isa ko namiji ko mace, in babu kuma babu laifi. Uban yarinyar ya yi kaffarar rantsuwarsa, ya ciyar da miskinai goma, ya bar 'yarsa a gida. Korar ta ba tuba ba ce gare ta, ba kuma tsarki ba ne gare shi.

Sista Mai Awo, Kawo:

Allah ya saka da alheri, Malam. Ni ta ɓangaren asibiti zan yi magana, Maman Hanifa, don ɓoye ciki ya fi cikin kansa kashe 'yan mata. Yarinyar da ake ɓoyewa ba ta zuwa awo, ba a auna hawan jininta, ba a san ko jininta ya yi ƙasa ba. Sai naƙuda ta zo a ɗaki, a hana ta yin ƙara don kada maƙwabta su ji. Daga nan ake samun jijjiga, zubar jini, da doguwar naƙuda mai kawo yoyon fitsari, musamman ga wadda ƙugunta bai gama buɗewa ba. Sashen yoyon fitsari na Asibitin Gambo Sawaba a Zariya shaida ne. Masu ba ta jiƙe-jiƙe ko ƙwayoyi daga kemis don cikin ya zube su sani doka ta hana, kuma ragowar da ke maƙalewa a mahaifa tana ruɓa ta shiga jini.

Ta fara awo a wannan satin, a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Ba a neman takardar aure kafin a buɗe kati. Ana so ta je sau takwas kafin haihuwa. Za a yi mata allurar tetanus, a ba ta ƙwayar ƙarin jini ta sha kullum, da maganin kariyar zazzabin cizon sauro da ake farawa bayan wata uku na farko, ana maimaitawa wata-wata. A yi gwajin jini da na fitsari, da hoton ciki ko da sau ɗaya ne. Idan shekarunta ba su kai 18 ba, ko ƙafafunta na kumbura da ciwon kai, a babban asibiti za ta haihu, kamar Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada ko Barau Dikko. A ware kuɗin tiyata da na leda ɗaya ko biyu ta jini tun cikin yana wata bakwai, a kuma samu ɗan'uwan da zai ba da jinin. A tambayi tsarin inshorar lafiya na jiha, KADCHMA, a asibitin da take awo.

Bayan haihuwa, abin da ya fi cin kuɗi shi ne raba jaririn da uwarsa. Idan aka ɗauke shi aka kai wa wata gwaggo don a ɓoye, dole a koma madarar gwangwani. Jariri yana shan kusan kilo 20 na garin madara a wata shida na farko, wato gwangwani hamsin na giram 400. Ku je kanti ku tambayi kuɗin ɗaya ku ninka da hamsin, sannan ku tuna mafi ƙarancin albashi a Kaduna naira 72,000 ne aka sa a 2024, kuma yawancin gidajen nan ko shi ba sa samu. Abin da ke biyo baya sananne ne: a tsinka madarar da ruwa don ta daɗe, ko a koma koko tun jariri yana wata biyu, sai gudawa da tamowa. Nonon uwa zalla na wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, shi ne mafi arha kuma mafi lafiya. Uwar dai ake ciyarwa da kyau.

Pampas jaririn wata na farko yana ɓata takwas zuwa goma a rana. Dozin biyu na kunzugun tsumma da sabulu sun isa, a bar pampas don dare da zuwa asibiti. Rigakafi kyauta ne a asibitin gwamnati: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, da wata 15. Bayan wata shida a fara kunun haɗi: gwangwani shida na gero ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban, a cire wa waken ɓawo, a niƙa tare. Wankan jego kuma a sassauta. Itacen kwana arba'in kuɗi ne mai yawa, kuma tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta kunun kanwa da kwanciya kan gado mai zafi da kumburin zuciya bayan haihuwa.

Barista A., Unguwar Rimi:

Malam ya faɗi fiƙihu daidai, amma akwai abin da zan ƙara, da gargaɗi ɗaya mai muhimmanci.

Kafin komai a san shekarun yarinyar da yadda abin ya faru. Idan ƙarama ce, ko tilasta mata aka yi, to wannan fyaɗe ne, ba maganar sulhun mai unguwa ba ce. Akwai cibiyoyin Salama, masu kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, a asibitocin Gwamna Awan da ke Kakuri, Yusuf Ɗantsoho, Gambo Sawaba a Zariya, da Kafanchan. Suna duba lafiya, su rubuta rahoton likita, su haɗa da 'yan sanda. Jihar Kaduna ta tsananta hukuncin fyaɗe a 2020.

Gargaɗin kuwa shi ne, kada fushi ya sa a garzaya kotun Musulunci ba tare da shawarar lauya ba. A Malikiyya, ciki ga wadda ba ta da miji yana iya zama hujja a kanta, shi kuwa namijin idan ya musa sai da shaidu huɗu. Abin da ya faru ga Amina Lawal a Jihar Katsina ke nan a 2002: aka sallami namijin, ita aka yanke mata hukunci, sai a 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke ta. Ban da haka, wanda aka ambata yana iya juyowa da ƙarar ƙazafi. Gwajin DNA yana da tsada, sai da yardarsa ko umarnin kotu, kuma malamai ba su ɗauke shi mai tabbatar da nasaba a irin wannan hali ba.

Hanyar da ta fi haifar da abin hannu ita ce ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, ƙarƙashin ma'aikatar jiha mai kula da jin daɗin al'umma. Suna kiran ɓangarorin biyu su zauna. Jihar tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2018, kuma sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Idan namijin ya amince da taimako, a rubuta. A sa adadin kuɗi a wata, ranar biya, wanda zai biya asibiti, wanda zai biya makaranta, da sharaɗin sake duba adadin duk shekara, don abin da ya isa kafin cire tallafin mai a 2023 yau ba ya isa. A biya ta banki don a samu shaida. A sa hannun waliyyinsa, domin yawancin samarin nan ba su da abin yi, kuma alkawarin baki yakan mutu ranar da ya auri wata. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, ko Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya kyauta, duk suna da ofishi a Kaduna.

A yi wa jaririn takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da wuri, uwa ma tana iya yi. Kada a rubuta kakan a matsayin uba ko kakar a matsayin uwa don rufin asiri. Ƙarya ce a takardar hukuma, kuma za ta taso a NIN, a makaranta, da ranar rabon gado. Yar da jariri a bola ko kwata laifi ne babba, haka ma miƙa shi ga wani a karɓi kuɗi. Idan da gaske ba za a iya riƙo ba, ta hannun ma'aikatar ake ba da riƙo.

Inna Mai Ɗinki, Unguwar Mu'azu:

Barista da Sista sun gama magana, ni dai abu ɗaya nake so a duba. A ƙarshe kakar ta wajen uwa ce ke ɗauka, da kuɗin ƙosai ko wankau ko adashi, alhali tana da ƙananan nata. Namijin yana yawonsa, har a ba shi wata 'yar a ɗaura da goro da alewa, ita kuwa yarinyar ko biki ba ta isa ta shiga ba, ɗanta kuma yara na kiransa ɗan gaba da Fatiha a makarantar allo saboda sun ji a bakin iyayensu. Ba ina cewa abin da ta yi daidai ba ne. Amma idan aka rufe mata duk ƙofa, wanda zai ba ta dubu biyu a titi shi ne zai sake jefa ta a ciki na biyu.

Don haka a sa sana'arta cikin lissafi. Idan ɗaliba ce, ta koma makaranta bayan yaye ko ta rubuta jarrabawar NECO ta masu zaman kansu. Idan ba haka ba, ɗinki, saƙa ko kitso tun jariri yana wata shida, a wurin da za a bar ta ta je da goyo. Firamare ta gwamnati ba a biyan kuɗin makaranta, amma akwai yunifom, takalmi, littafi, kuɗin tara, da kuɗin wata na Islamiyya, kuma waɗannan 'yan shekaru kawai suka rage su iso.

Malamin Zaure, Tudun Wada:

Gaskiya ne, Inna. Ƙari a kan haka, uwa matalauciya da jaririnta suna cikin masu cin zakka, kuma ba a sharɗanta yadda aka haifi yaro ba. A kai maganar ga limamin unguwa ko kwamitin zakka na masallaci a asirce. Idan kuma bayan ta haihu su biyun sun tuba suna son aure, ya halatta, da waliyyi da sadaki da shaidu kamar kowane aure. Sai dai a rubuta a yarjejeniyar cewa riƙon yaron yana hannun uwarsa, kuma idan wani dabam ta aura, riƙon yana komawa ga mahaifiyarta.