Tashoshin talabijin sun ɓace daga dikodata, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Ina roƙon masana harkar lantarki su taimaka mini, domin matsalar nan ta fi ƙarfina.

A Kaduna nake zaune, kuma ina amfani da dikoda ta DVB-T2 wadda ke kama tashoshi ta eriyar UHF da ke kan rufin gida. Bayan wani ruwan sama mai iska, kusan rabin tashoshina suka ɓace gaba ɗaya, sauran kuwa suna nan garau. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, waɗanda suka ɓace duk a mita ɗaya ake watso su, kuma idan na duba ma'aunin sigina a wannan mitar sai in ga ƙarfin yana da yawa amma ingancin yana sifiri.

Na sake binciken tashoshi, na mayar da dikodar saitinta na asali, na sauya wayar da ke shiga bayanta, amma babu abin da ya canza. Maƙwabcina kuwa yana kallon tashoshin nan lafiya lau, don haka ba na zargin tashar watsawa.

Shin ruwa ne ya shiga mahaɗin waya a jikin eriyar, ko iska ce ta karkatar da ita? Kuma tunda akwai hasumiyar wayar salula kusa da mu, ko siginar 4G ce ke cika na'urar ƙara ƙarfin siginar talabijin da na haɗa, har sai na sa mataci da zai tace siginar 4G ɗin? Ba na son in hau rufi ko in sayi sabuwar eriya kafin in san inda zan fara dubawa. Na gode.