Wasiƙar da Stanford ke so in rubuta wa abokiyar ɗakina: me zan ce mata?

'Yar Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Ina cike takardun neman shiga jami'ar Stanford ta Amurka ta hanyar Common App, shafin intanet da ake neman shiga jami'o'in Amurka da shi, ga ranar rufewa, 5 ga Janairu, ta ƙaraso. Sauran tambayoyin duk na gama da su, ɗaya ce ta tsaya min a wuya: wai in rubuta 'yar wasiƙa zuwa ga wadda za mu zauna ɗaki ɗaya da ita, kalmomi 100 zuwa 250, yadda ita da masu tantancewa za su san ko wace ce ni. Sau uku ina rubutawa ina gogewa. Ta farko ta zama jerin kyaututtukan da na ci a makaranta, ta biyu kuwa kamar wa'azi. Ta ukun ko ni kaina ban gane ta ba. Gaskiyar magana ni mai tashi ƙarfe biyar ce don sallar Asuba, ƙararrawar wayata kuma ba ta san tausayi ba. Kuma ba a raba jakata da ƙuli-ƙuli da yaji. Shin waɗannan abin faɗa ne, ko za a ce na mai da abin wasa?

Yaya Bazazzagi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Goge ta farkon da kika yi daidai ne. Common App ya riga ya ba ki gurbin ayyuka 10 da na lambobin yabo 5, to me zai sa ki maimaita? Ba wanda ke shiga ɗaki ya fara karanto wa baƙo sakamakon WAEC ɗinsa. Maganar Asubar nan ita ce wasiƙar taki. Amma kada ki tsaya a kan "ina tashi da wuri" kawai. Ki gaya mata yadda za ki yi don kada ki tashe ta, da abin da kike yi bayan sallah kafin gari ya waye.

Umman Ɗalibai:
Na yarda da shi, amma 'yata ki kula. Abokiyar ɗaki aka ce ki rubuta wa wasiƙar, mai karantawa kuwa ma'aikacin ofishin ɗaukar ɗalibai ne da ya ga irinta bila adadin. Yawancin yara sukan jero ƙananan halaye guda goma, kiɗan da suke so, abincin da ba su ci, a ƙarshe ba a riƙe ko ɗaya ba. Ki zaɓi abu biyu ki zurfafa. Kuma don Allah kada ki koma mai yi mata bayanin tarihin Nijeriya. Ƙuli-ƙulin ya shiga in akwai labari a bayansa, in babu a bar shi a jaka.

Ɗan Maraɗi:
Ƙarin bayani: a Stanford ɗaliban shekarar farko ba sa sanin abokan ɗakinsu sai ranar da suka tare. Don haka ki rubuta kamar ga baƙuwar da ƙila ba ta taɓa ganin darduma ba.

'Yar Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Umma, akwai labari kuwa. Kakata ce ke soya shi, kuma a makarantar kwana da shi na sasanta da yarinyar da ke gadon sama bayan mun yi sati biyu ba ma magana, saboda wannan ƙararrawar dai. Tun daga nan na koyi sa wayar a ƙarƙashin matashi. Da wannan zan buɗe. In na gama yau da dare zan turo ku duba min.