Wane suna za mu ba akwatin nan da ke hana abinci hucewa?

Mai Fassara:
Salamu alaikum jama'a. Ana shirya takardar Hausa da za a liƙa a bangon madafa don ƴan aiki, sai kalma guda ta tsaya mini a wuya. Akwatin nan ne dogo mai kama da firigo, na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda masu gidajen abinci da masu girkin biki suka fara sawa nan Maradi. Abinci ya dahu, a zuba a faranti, a jera ciki, ya zauna da zafinsa har lokacin rabo. Da Faransanci armuwar shofant ake ce masa, wasu su ce etub. A bakin mutane na ji suna uku: fur, akwatin ɗumama, da firigon zafi. Wanne za a rubuta?

Mai Gyaran Firigo:
Wa alaikumus salam Malam. Fur dai a cire shi tun yanzu. Fur na gashi ne, yana haura digiri 200. Wannan ko ka murɗa shi ƙarshe, yawancinsu wajen digiri 90 suke tsayawa. Kayan cikinsa ma ba su da yawa: ƙarfen zafi, wato rezistans, fanka mai zagaya iskar, termosta mai yanke kuran, wato wutar lantarki, idan zafi ya kai inda aka sa, ɗan tsinken da ke jin zafin ciki, robar bakin ƙofa, sai audugar gilas ko kumfa da aka cusa tsakanin bango biyu. Wasu na da ƙaramin kwanon ruwa a ƙasa. Babu kwamfareso, babu gas. Shi ya sa firigon zafi ma ke ba ni dariya, ko da yake ni ma shi nake faɗi idan ina son a gane ni da sauri.

Hajiya Mai Girkin Biki:
Malam, don Allah kada ka rubuta ɗumama. Duk yarinyar da ta tashi a gidan Hausa ta san ɗumame: tuwon jiya ne da ya kwana, aka mayar da shi kan wuta da safe. Ranar da ka rubuta akwatin ɗumama a bango, ranar za a ɗauko shinkafa mai sanyi daga firigo a tura ciki, a ce ai aikinsa ke nan. Alhali ba shi da wannan ƙarfin. Faranti cike da shinkafa mai sanyi sai ya yi awoyi a ciki, gefe ya yi zafi ya bushe, tsakiya na nan da ɗumi-ɗumi. Abinci daga kan wuta yake shiga, yana tururi. Wanda ya huce, a mayar da shi tukunya tukuna.

Malamin Tsabta:
Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Kuma kalmar ɗumi ita kanta a guje ta, don na ga wani ya rubuta akwatin ɗumi. A Hausa ɗumi shi ne abin da hannu ke jurewa, kamar ruwan wankan jariri. To wannan ɗumin shi ne aljannar ƙwayoyin cuta. Tsakanin digiri 5 da 60 suke hayayyafa, kuma sun fi sauri a kusa da zafin jikin mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci ya zauna sama da digiri 60, kada ya wuce awa 2 a ajiye a fili. Dokar Faransa 63 ta sa, kuma shi ne adadin da za ku gani a takardun akwatunan da aka yi can. Mu riƙe 63, a tsakiyar abinci ake nufi, ba a allon ƙofa ba.

Shinkafa ta fi komai haɗari. Akwai wata ƙwaya da ake kira Basilus sereyus, tana shiga wani kwanso da dahuwa ba ta kashe shi. Shinkafa na hucewa sai ta farka, ta zuba dafi, kuma dafin nan ko an sake tafasa shinkafar ba ya mutuwa. Shi ne za ka ga an ci abincin walima, kafin la'asar mutane sun fara amai, ga shi abincin bai yi wari ba, bai yi yauƙi ba. Miyar nama mai kauri a babbar roba ita ma tana da tata ƙwayar, mai sa murɗar ciki da zawo cikin dare. Saboda haka sunan da za a zaɓa, ya faɗa wa ɗan aiki cewa zafi ake tsarewa, ba samar da shi ake ba.

Ɗan Kasuwa:
Ni fa kular kuran na ji wata mata ta ce. Ai kula kowa ya san ta, ita ake kai wa maigida abinci kasuwa.

Hajiya Mai Girkin Biki:
Alhaji, kula jinkirta hucewa take, ba hanawa ba. Kuma kula rufewa ake a manta. Wannan kuwa sai an kunna shi tun da wuri, an duba ruwa, an auna. Ka ce kula, sai a yi masa riƙon kula.

Malamin Hausa:
Ranku ya daɗe. Hausa na da hanyar da take ƙera irin wannan suna ba tare da aro ba: aikatau a gaba, abin da ya faɗa wa a baya. Dafa-duka, share-fage, hana-salla, cika-ciki. A wannan ma'aunin ina kawo biyu. Na farko hana-huce. Yana da daɗin faɗi, kuma huce ita ce ainihin kalmar da mata ke amfani da ita ga abinci, ba a cewa tuwo ya yi sanyi sai ya wuce hucewa. Illarsa, huce na mutum ma ne, wanda ya yi fushi ya huce, ƴan madafa kuwa ba sa barin irin wannan ta wuce, gobe za ka ji an laƙaba wa uwar ɗaki sunan. Na biyu riƙe-zafi. Wanda aka ba riƙo, abin da aka miƙa masa shi zai mayar, ba ya ƙarawa. Ka ba shi mai zafi ya riƙe maka mai zafi, ka ba shi mai sanyi ba ruwansa. Ma'anar da Hajiya da Malamin Tsabta ke nema tana cikin kalmar. Namiji ne: riƙe-zafin ya lalace, an sayo sabon riƙe-zafi. Jam'i kuwa ba sai an wahala ba, akwatunan riƙe-zafi.

Na yi tunanin ma'ajin zafi, amma ma'aji ya tafi wajen kuɗi da baitulmali, a bar shi can.

Mai Jan Waya:
Riƙe-zafi ya zauna a kunnena. Tunda takarda za a rubuta, Malam, a sa maganar kafawa, don rabin lalacewarsa daga nan take farawa.

Kafin a saya, a karanta ɗan farantin da ke manne a baya. Kuran ɗinmu volt 220 ne, hez 50. Na hannu da ya fito daga Amurka sau da yawa na volt 120 ne, ka cusa shi a bango kai tsaye ya ƙone nan take. Dogon mai ƙofa ɗaya yakan ci wat 1500 zuwa 2000. Wat 2000 a kan volt 220 amfiya 9 ke nan da ɗoriya. To a ja masa layinsa shi kaɗai daga tabulo, wato akwatin rarraba wuta, waya mai kaurin milimita murabba'i 2.5, dijonkter, wato makunnin da ke faɗawa idan lodi ya yi yawa, na amfiya 16, da mai yanke kuran idan ya zurara, na miliamfiya 30. Wayar ƙasa dole ce, a kafa sandar tagulla a haɗa, don jikinsa duk ƙarfe ne, mai aiki kuma hannunsa a jiƙe yake, ƙasan madafa ma a jiƙe. Ralonj ɗin kasuwa, wato wayar ƙari, mai siririyar waya kada ya kusance shi. Za ka taɓa filogin ka ji zafi, bakin robar ya yi baƙi ya narke, wata rana wuta ta tashi. A kuma duba ƙarfin kontar wutar da aka yi rajista da NIGELEC, kamfanin lantarki. Idan ta kilowat 3 ce, ga firigo ga injin markaɗe, da riƙe-zafin ya kama sai komai ya ɗauke.

Wurin ajiyewa: daɓe madaidaici, a taka birkin tayoyin gaba, a bar kamar santimita 10 tsakaninsa da bango. Kada a jingina shi da firigo, zai sa firigon wahala. Kada kuma a sa shi bakin murhun itace, hayaƙi da maiƙo su toshe fankar. Sabo fil, a ɓare farar ledar da ke jikin ƙarfen duka, a wanke ciki, a kunna shi babu komai na awa guda warin masana'anta ya fita.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne raunin kuran. Lokacin zafi, Afrilu da Mayu, da kowa ya kunna fanka da kilim, volt kan faɗi. Idan ya sauka 180, ƙarfen zafin kashi biyu cikin uku kawai yake bayarwa. Fitila na ci, fanka na juyi, kai kana ganin lafiya, abinci kuwa na sauka a hankali. Mai gurup, wato janareto, ya tanadar masa mai ƙarfin aƙalla kaveya 3.

Mai Fassara:
Na rubuta. Hajiya, yadda ake aiki da shi kullum fa?

Hajiya Mai Girkin Biki:
A kunna minti 30 zuwa 45 kafin a sauke tukunya, ƙofa a rufe, babu komai ciki. A sa shi a 80 ko 85, don iskar sai ta fi abincin zafi kafin tsakiyarsa ya tsaya sama da 63. Kwanon ƙasa a zuba masa ruwan zafi, na sanyi yana janye zafin akwatin. Farantan nasa masu awo ɗaya ne, santimita 53 da 32 da rabi. Mai zurfin santimita 6 da rabi ko 10 ya fi, mai zurfi sosai tsakiyarsa ba ya jin iska. A bar tazarar yatsu biyu tsakanin faranti da na samansa, kuma kada a tura wani ya toshe bakin fanka.

Kowane abinci da halinsa. Shinkafa, dambu, tuwo da miya a rufe su da murfi, in ba haka ba saman shinkafa ya zama tsakuwa, tuwo ya yi ɓawo. Soyayyar kaza, zabo, dankali da ƙosai kuwa a buɗe, a kan raga, a ɗan buɗe kafar tururin da ke sama, in an rufe su gumi suke su yi laushi kamar an jiƙa. Mai akwati ɗaya ya sa soye-soye a sama, mai ruwa-ruwa a ƙasa. Ƙosai da dankali ma gaskiya ba sa son zama, bayan rabin awa sun fara sallama. Shinkafa da miya sukan kai awa 3 zuwa 4 da mutuncinsu. A rubuta lokacin shiga a jikin murfi, na farkon shiga ya fara fita, kuma kada a juye sabo a kan ragowar tsoho. Yawan buɗe ƙofa shi ke kashe shi, yaran da ke leƙawa su ga ko akwai saura a hana su.

Malamin Tsabta:
A ƙara: a tsoma ma'auni a tsakiyar faranti duk awa 2, a rubuta. Idan kuran ya ɗauke, kada a buɗe, a duba agogo. Ya dawo, a auna. Abin da ya sauka ƙasa da 63 bai kai awa 2 ba, a mayar kan wuta ya kai 75 a raba nan take. Ya haura awa 2, a zubar, shinkafa musamman. Kuma ba a ba almajirai ba, cikinsu irin namu ne.

Mai Gyaran Firigo:
Gyara kuma ga abin da ke kawo mana su. Robar ƙofa ce ta ɗaya. Ka maƙale takarda a bakin ƙofa ka rufe ka ja, idan ta zare salin-alin robar ta mutu, za ka ga ruwa na tsiyaya a gefen ƙofar, ƙarfen zafi kuma ba ya hutawa. A riƙa goge ta da ruwan ɗumi da sabulu, maiƙo ke busar da ita ta tsage. Sama zafi ƙasa sanyi, fanka ce, ko ta mutu ko ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta yi mata dabaibayi. A cire filogi a kwance murfin a share ta duk wata. Ya ƙi yin zafi gaba ɗaya, a fara duba ɗan maɓallin kariya da ke faɗawa idan zafi ya yi yawa, sau da yawa ja ne, a baya ko ƙarƙashin murfin sama. Idan an danna ya sake faɗawa, akwai dalili, kada a ɗaure shi da waya. Ƙarfen zafi na wat 2000 mai lafiya yakan nuna om 24 zuwa 26 a mitar gwajin lantarki, in bai nuna komai ba ya tsinke. Wanda kuma ke ta zafi ba ya yankewa, ko tsinken ya fita daga mazauninsa ko rele, makunnin da termosta ke sarrafawa, ya manne.

Kwanon ruwa yana yin farin dutse, a jiƙa shi da binegar sau ɗaya a mako. Wanka da soso mai laushi da sabulun kwano, bayan ya huce an cire filogi. Ban da soson ƙarfe, ban da ruwan jabel tsantsa, yana huda ƙarfen ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa, ban da watsa ruwa da tiyo. An gama a bar ƙofa a ɗan buɗe ya sha iska.

Mai Fassara:
Allah ya saka da alheri. A kan takarda akwatin riƙe-zafi, a baki riƙe-zafi. A layin farko zan sa "wanda ake ce wa firigon zafi" sau ɗaya don a gane, daga nan ba zai sake fitowa ba. Saura ma'aunin da ake tsomawa a abinci. Tamomita zan rubuta?

Malamin Hausa:
Tamomita ta asibiti ce a kunnen mutane, za a nemo ta hammata. Tsinken awo. Kama da tsinken tsire yake, kuma soka shi ake.

Mai Gyaran Firigo:
To na jikin akwatin a ce masa tsinken termosta, kada su cakuɗe. Shi kuma tsinken awon a riƙa gwada gaskiyarsa: kofi cike da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa, ya nuna 0. A tafasasshen ruwa nan Maradi wajen 99 zai nuna, don mun ɗan fi bakin teku tudu, kada a ce ya lalace. Ya kauce da fiye da digiri 2, a sake wani.

Hajiya Mai Girkin Biki:
A kuma wanke shi a goge kafin a fitar daga miya a soka a shinkafa. Malam, ka rubuta wannan da manyan baƙaƙe, shi suka fi mantawa.