Firintata na jan layuka a hoton biki, jibi za a karɓi aiki

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da babbar firintar hoto mai ɗaukar takarda inci 44. Tun da hunturu ya kama take jan fararen layuka a kwance, musamman inda launi ya yi duhu. Jiya na fitar da ango cikin shuɗiyar shadda, sai ka rantse saƙi aka ɗinka masa. Na yi kilinin, wato na sa ta wanke hedi (kan da ke fesa tawada), sau shida a jere, tawada ta tafi, tankin shara ya kusa cika, layukan na nan daram. Ko hedin ne ya mutu?

Mai gyara: Wa alaikumus salam. Malam, ɗauke hannunka daga kilinin tukuna. Yawan yin sa a jere yakan jawo iska cikin hedi, a je neman gira a rasa ido. Fitar da gwajin nozul, wato zanen da ke nuna ko duk ƙananan ramukan hedi na fesa tawada, sau biyu a farar takarda, ka jera su ka duba. In giɓin yana wuri ɗaya bai motsa ba, toshewa ce, tawada ta bushe a bakin ramin. In kuwa yana yawo, yanzu nan anjima can, iska ce, ko dampa, 'yar ma'ajiyar da ke ba hedi tawada, ba ta sako ta yadda ya kamata. In gwajin ya fito cas amma hoto na da layi, to ba ruwan hedi, jan takarda ne: farin layi na nufin tana jan ta fiye da kima, baƙi kuma ba ta ja sosai.

Mai tambaya: Na gwada, Injiniya. Giɓin yawo yake, a shuɗi da baƙi. Na kuma tuna ranar Talata an ɗauke wuta tana tsakar aiki, hedin ya kwana a tsakiya.

Mai gyara: To ga shi nan! Wurin kwanan hedi yana da roba mai rufe shi ruf don kada ya sha iska. Samu tsinken goge-goge marar gashi, ka jiƙa shi da ruwan wanke hedi, ka share bakin robar da waifa, wato 'yar robar da ke goge fuskar hedi. Za ka ga tawada ta cakuɗe da ƙura kamar kwalta. Kar ka kusanto da tishu. Sannan ka kashe ta da maɓallinta, ta kwana, da safe kilinin ɗaya tak.

Wata mai studiyo: Ƙari a kan na Injiniya, waɗannan injina sun fi son laima kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, mu kuwa a hunturun Kano takan sauka ƙasa da 20. Ni injin feshin laima na ajiye, kuma ko ba aiki sai na fitar da gwajin nozul kowace safiya. Ka riƙa girgiza katirij, wato kwalin tawada, ma, tawadar pigimen mai garin launi tana kwantawa.

Wani ɗan uwa: Ba ka faɗi irinta ba. In Canon ce ko HP, da hannunka za ka canza hedi. In Epson ce, sai mai gyara, kuma kuɗin ba na wasa ba ne, don haka kar ka yi gaggawar yanke masa hukunci. Sayi UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, kafin ka sayi komai.

Mai gyara: Aikin jibi kuwa, in ɗan giɓi ya rage, ɗaga ingancin bugu, ka sa hedin ya riƙa fesawa a tafiya ɗaya kawai. Za ta yi nawa, amma yakan ɓoye layin. Fara da yanki mai faɗin tafin hannu daga shaddar angon kafin ka saki nadin takarda.