Digiri shekara huɗu, bishiya kuwa shekara ɗari: yaya ake yi?

Ɗalibar Tsirrai: Salamu alaikum malamai. Wanda yake son ya zama malamin jami'a a fannin tsirrai da muhallinsu, kuma burinsa ya bi diddigin yadda daji ke sauyawa, daga ina zai fara? Digiri na uku yawanci shekara huɗu zuwa biyar ne, bishiya kuwa ba ta nuna wani abin kirki a wannan ɗan lokaci.

Malam Kurmi: Wa'alaikumus salam. Kada ki fara da kafa filin awon bishiyoyi naki, ki shiga wanda aka daɗe ana aunawa. A Barro Colorado ta ƙasar Panama akwai fili mai hekta 50, tun farkon shekarun 1980 ake auna duk itacen da kaurinsa ya kai santimita 1, galibi bayan kowace shekara biyar. Gwajin ciyayi na Park Grass a Rothamsted ta Ingila kuwa tun 1856 yake tafiya. Ki zaɓi tambaya guda da tsofaffin bayanai za su amsa rabinta, aikinki na shekara biyu ya cike sauran. Ki koyi ƙididdiga da manhajar R, wadda ake nazarin alƙaluma da ita, da wuri.

Dakta Mai Awo: Abin da ke kashe irin wannan bincike shi ne sauya hanyar awo. Ana auna kaurin bishiya a tsayin mita 1.3 daga ƙasa. A shafa fenti a daidai wurin, domin idan mai zuwa ya ɗaga tef sama da taƙi guda, sai lissafi ya nuna bishiyar ta rame. Lambar alminiyum da ake maƙala wa kowace bishiya don gane ta kuma kada a buga ƙusarta har ƙarshe, ɓawo zai haɗiye ta. GPS yakan kauce da mitoci a ƙarƙashin inuwar bishiyoyi, don haka a binne rodi a kowace kusurwar filin. A busar da samfurin kowane tsiro a ajiye, saboda sunayen kimiyya suna canzawa.

Malama Tsiro: Ƙari kan maganar Malam Kurmi: kafin ki taɓa bayanan wasu, a rubuta yarjejeniya kan sunan wa zai fito a maƙala. Tallafin bincike yawanci shekara uku zuwa biyar ne, saboda haka idan lokacin kafa naki filin ya yi, ki tsara awon da mutum biyu za su gama cikin mako biyu ko a shekarar da babu kuɗi.