Wa ya taɓa gwada kyamarar gano cutar lemo tun ganye bai nuna ba?

Mai gonar lemo: Salamu alaikum jama'a. An kawo mini tallar ɗaukar hoton gonata daga sama da jirgi marar matuƙi, wai kyamararsa tana gano bishiyar da ta kamu da cutar HLB, wato cutar bakteriya da wani ƙwaro ke yaɗawa a bishiyoyin lemo, tun ganyenta yana kore shar. Kafin in zuba kuɗi, wanda ya gwada ya ba mu labari.

Mai ɗaukar hoton gonaki: Wa alaikumus salam, Alhaji. Sana'ata ke nan. Idon mutum yana tsayawa a wajen nanomita 700 a ma'aunin zangon haske, ita kuwa kyamarar tana wucewa zuwa hasken infirared da ido ba ya gani. Lafiyayyen ganye yana maido da wannan haske sosai, wanda ya fara galabaita sai ya rage, kwamfuta ta fitar da shi a taswira. Da rana tsaka nake tashi, kuma sai na fara ɗaukar hoton allon awon haske. In gajimare ya gifta ana tsakiyar aiki, to sai sakewa.

Manomiya: Ni an yi mini. Layi guda ya fito jajir a taswira, hankalina ya tashi. Da muka je, ashe bututun ban ruwa ne ya toshe, ƙishirwa ce kawai. Amma akwai wasu bishiyoyi a bakin gona da ta nuna, waɗanda ido bai ga komai a jikinsu ba, kuma gwaji ya tabbatar sun kamu. Na sa aka tumɓuke su.

Malamin gona: Hajiya, kin taɓo inda gizo ke saƙa. Kyamara tana cewa bishiya ba ta jin daɗi, ba ta faɗin abin da ke damunta. Ƙishirwa, ruɓewar saiwa, ƙarancin zinki, duk suna iya fitowa da launi ɗaya. Ni in na isa wurin, ganye nake tsinka in duba gefe biyu na jijiyar tsakiya. In rawayar ta yi daidai hagu da dama, yawanci abinci ne ya gaza. In ta yi dabbare-dabbare, gefen nan daban da wancan, sai in zargi HLB, in kuma binciki sabon toho, don can ƙwaron da ke yaɗa ta yake tsotsa. Kamuwa a bakin gona ba abin mamaki ba ne, nan ƙwaron ya fi taruwa.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Mu da PCR muke tabbatarwa, wato gwajin da ke gano ƙwayar halittar bakteriyar da ke jawo cutar. Sai dai bakteriyar ba ta bazuwa daidai a jikin bishiya, reshen nan yana da ita, wancan babu. Ganye ɗaya in aka kawo mini, yana iya fitowa lafiya alhali bishiyar ta kamu. A tsinko daga kowane ɓangare. Cutar ba ta da magani har yanzu, kuma tun da ta ɓulla a jihar Fulorida ta Amurka a 2005 ta durƙusar da noman lemo a can.

Mai gonar lemo: Na gode ƙwarai. Malam mai jirgi, kuɗin da kuke karɓa har da zagayen gona a ƙafa bayan taswira ta fito, ko wannan lissafinsa daban?